Amsa kan hoton PET na zuciya da aka ce a sake

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigidanki lafiya. Kin ce an yi masa hoton PET, wato hoton da ke nuna inda wata allura da aka yi wa mutum ta taru a jiki, saboda ana zargin cutar kumburi ta sarkoyidosis a zuciya, sakamako ya nuna zuciyar gaba ɗaya ta yi haske, likita ya ce a sake. Na san zafin wannan. Kwantar da hankalinki, galibi shirin da aka yi kafin hoton ne ya lalace.

Allurar da ake yi kafin hoton, FDG, sukari ne da aka haɗa da fulorin-18, sinadarin da ke sa ta haske a hoton, kuma ƙwayoyin kumburi ne ke zuƙe ta. To, lafiyayyen naman zuciya shi ma in ya samu sukari yana ci, sai zuciyar gaba ɗaya ta yi haske. Shi ya sa ake tilasta masa ya koma ƙona kitse. Ranar jajibirin hoton a ci abinci mai maiƙo sau biyu aƙalla: ƙwai, nama, kifi, man shanu. Kada a ci shinkafa, burodi, madara da 'ya'yan itace. Daga nan ruwa kaɗai, awa 12 zuwa 18.

Abin da ke ƙona mini rai, a miƙa wa mara lafiya 'yar takarda a ce "kada ka ci komai da safe", a sallame shi. Wallahi wannan ganganci ne. Cokalin sukari ɗaya a shayi, alewa guda, maganin tari mai zaƙi, ko ƙarin ruwa mai gulukos in yana kwance a asibiti, ya isa insulin ya tashi, zuciya ta wawushe allurar. Mutum ya sha yunwa, ya karɓi allura, ya kwanta jira minti 60 zuwa 90, ƙarshe hoton bai karantu ba.

Yana da ciwon sukari? Ku tambayi likita yadda zai yi da insulin ko ƙwayoyinsa, kada ya daina da kansa. In an fara masa maganin kumburi prednisolone ku faɗa, domin yana ɗaga sukari, yana kuma dusashe kumburin da ake nema. Kada ya motsa jiki mai tsanani ranar jajibirin.

Ki tambaya ko sun haɗa da hoton gudanar jini, wanda ake yi da allurar rubidiyom-82 ko ta amoniya. Inda jini ya ragu kuma FDG ya taru tabo-tabo, nan ne ake zargin kumburi. Na'urar daidaita bugun zuciya ba ta hana PET. In kuma yana suma ko zuciyarsa na tsallen bugu, kada ku jira ranar hoton, ku tafi asibiti.