Tambayi Kawu: Gidan Ya Yi Mini, Unguwar Nake Tsoro

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Kano. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu, babbar tana aji biyu a babbar sakandare. Bayan rabon gado, dangin mahaifinsu sun amince a haɗa kasonmu da adashen da na daɗe ina zubi a saya mana gida mu huta da haya. Dillali ya kai ni wani gida mai ɗaki uku da falo a wata sabuwar unguwa can bayan Ɗorayi. Ginin sabo ne, akwai rijiya, kuɗin kuma bai kai rabin abin da ake faɗa mini a Kabuga ba. Yayana ya ce kul, wai wajen duk 'yan daba ne. Dillali kuwa ya rantse ko allura ba a taɓa ɗauka a layin ba, ya ce in kawo kafin alƙalami kafin Juma'a don akwai wani Alhaji da ke so. Ina yawan yin aikin dare, yaran su kaɗai nake bari. Yaya zan yi in gane gaskiya?
*Maman Huɗu, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu.

Kada ki ba da ko sisi kafin Juma'ar nan. Wannan Alhajin da ke so, tun ina saurayi ina bin masu awon fili da igiya a hannu nake jin labarinsa, har yau bai gama sayen gidajen Kano ba. In da gaske yana nan, ya saya, Allah ya sa rabonsa ne.

Da yayanki da dillali, babu wanda ya taɓa kwana a layin. Yayanki sunan unguwa ya ji a rediyo, dillali kuma la'adarsa tana rataye da cinikin. Ɗorayi da abin da ke bayanta wuri ne mai faɗin gaske, ba a yi masa kuɗin goro. Haka Sheka, haka Kurna, haka Rimin Kebe. Za ki tarar da layin da yara ke wasa a ƙofar gida har bayan Isha'i, ki ƙara taku kaɗan ki faɗa lungun da ko namiji ba ya amsa waya a cikinsa da rana tsaka. Na kuma san manyan unguwanni masu dogayen katangu da ake haurawa a kwashe kaya maƙwabci bai sani ba, saboda ko sunan juna ba su riƙe ba. Layin za ki bincika, da hanyar da za ki riƙa bi daga bakin titi zuwa ƙofar gidan.

Dillali da hantsi yake kai mutum, lokacin da masu hana barci suke nasu barcin. Ki koma ba tare da shi ba, kuma kada ki gaya masa. Ki ɗauki yayan nan naki, tunda shi ne mai shakka, ku je bayan Magariba ku kai har an idar da Isha'i. Ki fara gwajin tun daga Kabuga: ki tsayar da ɗan adaidaita sahu ki faɗa masa sunan layin. In ya ce ku shiga ba gardama, alama ce. In ya ninka kuɗi, ko ya ce iyakarsa bakin titi, na biyu da na uku ma suka faɗi haka, to sun ba ki labarin da babu ofishin da zai ba ki. Wannan ya shafe ki fiye da kowa saboda yanayin aikinki. An hana acaɓa a Kano tun 2013, a 2022 kuma gwamnati ta sa dokar hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ki lissafa yadda za ki yi ranar da aka kira ki cikin dare yaro ba shi da lafiya.

Da kun isa, ki kalli hannun mutane. Suna tafe suna danna waya, ko kowa ya cusa tasa a aljihu yana sauri? Mai shayi yana nan da jama'a a bencinsa? Mai POS ƙarfe nawa yake naɗe lemarsa? Shi ne ya fi kowa saurin jin canjin iska, don kuɗi ne a jikinsa. Matan aure suna fita islamiyyar dare? Washegari yayanki ya daure ya yi sallar Asuba a masallacin layin. Inda dattawa suka koma yin Asuba a gida don tsoron abin da za su gamu da shi a hanya, an riga an ci unguwar.

Sai kangwaye. A sabuwar unguwa su ne babbar matsala, sun fi komai. Gidan da aka kai linta aka watsar, mai shi yana Abuja ko ya rasu magada suna shari'a, nan ake taruwa. Ki sa a leƙa miki duk kangon da ke kusa da gidan. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma har gobe ana tsintar kwalabensa a irin waɗannan wurare, tare da gwangwanayen sholisho da guntayen wiwi. In an tarar da tsohuwar tabarma da toka, wurin yana da masu shi da dare. Kango ɗaya a bayan katangar gidan da 'yan mata ke kwana ba uwa, ni a wurina ya isa a fasa ciniki, ko da layin gaba ɗaya salihai ne.

Yanzu maganar tambayar mutane, inda mafi yawanmu muke faɗuwa. Bahaushe ba ya son a ce shi ya ɓata wa wani ciniki. Kika tsaya ƙofar gida kika ce, "Malam, unguwar nan lafiya kuwa?" amsar da za ki samu ita ce lafiya lau, sai alheri, ko da jiya aka sassari ɗansa. Mai gida a layin ma yana so mutanen kirki su shigo, darajar nasa gidan ta ƙaru, don haka ba zai kore ki ba. Sai ki sauya salon tambaya. Yaushe rabon da a haura gidan wani a nan? Gidan wa? Me aka ɗauka? Da aka yi ihu, an fito? Wannan ta ƙarshen ita ce uwa. Babu unguwar da ɓarawo bai san hanyarta ba a garin nan. Bambancin, wani wurin ihu ɗaya maza sun cika layi da fitilu, wani wurin kowa ƙara danna sakata yake yi.

Kina da wata dama da mu maza ba mu da ita: kina iya yin sallama ki shiga cikin gida. Ki shiga gida biyu ko uku a matsayin mai neman maƙwabtaka, ki sha ruwa, ki zauna. Matan gida sun san ɗan wa ke shaye-shaye, sun san ranar da aka yi faɗa bayan gangi ko kilisar biki, sun san dalilin da ya sa mai gidan yake sayarwa yana sabo. Ki nemi 'yar haya musamman, ita ba ta da abin karewa, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ki tsaya wurin mai kemis. Ku abokan sana'a ne, zai sake da ke. Ki tambaye shi sau nawa ake kawo masa sara ko suka ya ɗinke, kuma a wane lokaci na shekara abin ya fi yawa. A wurare da dama rikicin daba yana da kakarsa: hawan Sallah, lokacin siyasa, da dararen azumi. Abin da ya sa 'yan sandan Kano suka sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan ke nan. Layin da kika gani shiru a watan Safar, ki tambayi yadda yake kwana goma ga azumi.

Mai unguwa dole ki je ki gaishe shi, da goronki. Sai dai ki sani sau da yawa shi ma yana sa hannu a takardar ciniki ana sallamarsa. Abin da za ki nema a wurinsa shi ne ya haɗa ki da shugaban 'yan sintiri. Nawa kowane gida yake bayarwa a wata? Gida nawa ne suke bayarwa da gaske? Su nawa ne ke fita, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Unguwar da ke da kwamiti mai littafi da ma'aji, ana tara kuɗi ba rigima, ta fi mini wadda ke kusa da caji ofis amma mutanenta ba sa ga maciji da juna. Duk da haka ki san ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin, ki auna nisansa da ƙafa. Kakakin rundunar, Abdullahi Haruna Kiyawa, yana yawan saka labarin kame a Facebook da sunayen unguwanni, shirin Inda Ranka na Freedom Radio ma haka. Ki saurara, amma da lura: wani lokaci yawan jin sunan wuri yana nufin mutanensa suna kai ƙara ne, ba sa rufa wa 'ya'yansu asiri.

Akwai abokan gaba biyu da ba sa riƙe wuƙa, kuma arahar gidan nan ta sa na fi zarginsu. Na farko ruwa. Kano gari ne na kududdufai, an cike da yawa da shara an yi gini a kai. Ki samu tsoho a unguwar ki tambaye shi, da can mene ne a wurin nan? In ya ce kududdufi, ko hanyar ruwa, ko inda ake haƙar ƙasar bulo, ki yi masa godiya ki tafi. Ki duba gindin katangun maƙwabta, ba na gidan da aka yi wa sabon fenti ba. Ruwa yana barin zane, gishiri-gishiri yana cin siminti. Dokin ƙofar da aka ɗaga har gwiwa shi ma magana yake yi. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, ko yadda zaizayar ƙasa ta ci gidaje tsakanin Bulbula da Gayawa, ba zai sayi gida da rani ido rufe ba. Da so samu ne, a watan Agusta ake ganin gida, washegarin ruwa mai ƙarfi.

Na biyu takarda. Yawancin sababbin unguwannin gefen gari awon igiya ne, gona aka yanka aka sayar. Ba haramun ba ne, rabin garin a haka yake zaune, amma lungunan kan yi ƙunci har motar kashe gobara ko ta 'yan sanda ta kasa shiga. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma duk wanda ya ga rusau na 2023 ya san abin ba wasa ba ne. Ki kai bayanan gidan KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kano, a duba miki, ki je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ki tabbatar ba a kan hanya ko filin makaranta ko maƙabarta yake ba, ba kuma ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Ki ɗauki lauya. Tunda akwai haƙƙin marayu a ciki, a rubuta sunan kowane yaro da kasonsa a takardar, da shaidu daga dangin mahaifinsu.

In bayan duk wannan zuciyarki tana rawa, akwai hanyar da na fi so ga mace mai yara: ki kama haya a layin na shekara ɗaya, kuɗin gidan ki ajiye su inda ba za a taɓa ba. Na san za a ce kuɗi suna zubewa, kayan gini suna tashi. Gaskiya ne. Amma za ki ga damina, ki ga azumi, ki ga Sallah biyu, kuma mazaunin layi shi ke fara jin labarin gidan da za a sayar, sau da yawa kafin ya kai kunnen dillali.

Ki sake rubuto mana abin da mai kemis da matan layin suka gaya miki, musamman dalilin da ya sa mai gidan yake son rabuwa da shi.