Lalle, Ƙunshi da Abin da Ake Kira Baƙin Lalle

Wata mai karatu ta turo tambaya: "Malam, mene ne bambancin lalle da ƙunshi? Kuma daidai ne a ce baƙin lalle?"

Malama, lalle shi ne tsiron da kuma garin ganyensa. Ƙunshi kuwa aikin ne, daga kalmar ƙunsa, wato a naɗe abu a rufe shi, kamar ƙunshin goro. Dalilin sunan yana cikin ganyen kansa. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke manne wa fata da farce da gashi, amma ba ya son gaggawa, sai kwaɓin ya daɗe a jiki da damshinsa. Shi ya sa ake naɗe hannu da ganye ko tsumma, ko a zura shi cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da yaran yanzu ba su ma san sunanta ba. A nan ne muke cewa lalle ya kama. Bayan an wanke, launin yakan ƙara nuna cikin kamar kwana 2, ya ɗauki sati 1 zuwa 3 yana kodewa yayin da fatar sama ke sabuntuwa. Yau ana zana fulawa da ƙullin leda mai tsini, ba a naɗe komai, amma har yanzu ƙunshi muke cewa. Ina son wannan, domin kalmar ta riƙe mana tarihin aikin.

Ita kalmar lalle ba daga Larabci take ba, Larabawa hinna'u suke cewa. Masana harshe suna danganta ta da anella ta Buzaye, Barebari kuma nalle suke cewa, Yarbawa laali. Tsiron tsoho ne ƙwarai: an sami alamarsa a gashin gawarwakin tsohuwar Masar, kuma a 1068 malamin nan na Andalus, al-Bakri, ya ambaci gonakin lalle a Audagust, cikin Muritaniya ta yau. A Indiya da Pakistan mehndi ake kiran zanen.

Sai baƙin lalle, inda nake so mu tsaya. Ganyen lalle ja yake bayarwa, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, ba ya ba da baƙi wuluk. Abin da ke yin baƙi cikin minti kaɗan galibi rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba don zane a fata aka yi shi ba. Yana iya jawo ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa da tabo, wani jikin kuma daga ranar ya daina jure rinin gashi har abada. Sunan lalle da aka laƙaba masa shi ke kwantar wa mutane hankali, har a zana wa ƙananan yara. Ni dai rini nake kiransa.

Wani kuma ya tambayi ma'anar "kwalliya ta biya kuɗin sabulu". Ana faɗin haka idan amfanin da aka samu ya kai wahala ko kuɗin da aka kashe. Idan hannu ya kumbura bayan zane, sai a ce ba ta biya ba.

Ga mai tambaya kan lalle, lallai da lale: na farko ganyen ne, murya na sauka a ƙarshensa, na biyu tabbaci ne, na uku kuwa maraba ce da baƙo, kamar a "lale marhabin".