Amsa: Me ya sa kundi na biyu na The Stone Roses ya ba da kunya?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya hana Second Coming, kundin waƙoƙi na biyu na wannan ƙungiyar mawaƙan Ingila, kama ƙafar kundinsu na farko na 1989. Babbar matsalar jinkiri ce. Shari'a da kamfanin Silvertone ta hana su fitar da waƙa, sai a 1991 suka koma kamfanin Geffen, kundin kuma bai fito ba sai Disambar 1994. Kafin nan ƙungiyoyin mawaƙa na Blur da Oasis sun kwashe matasan Ingila.

Aikin sitidiyo ma ya lalace. John Leckie, wanda ya haɗa sautin kundin farko, ya ajiye aikin tun ba a gama ba, aka rasa mai cewa "a yanke nan". John Squire, makaɗin jitarsu, ya rubuta yawancin waƙoƙin, ya jibga jita mai nauyi irin ta ƙungiyar Led Zeppelin, muryar mawaƙinsu Ian Brown kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan kiɗan. Waƙar buɗewa kaɗai ta haura minti 11.

A ganina ba kundin banza ba ne. Fara da waƙar "Love Spreads", wadda ta kai ta 2 a Birtaniya, ka saurari gangar makaɗinsu Reni da kyau.