Ku Tambaya: Kwalbar nan ta Stiegel ce da gaske?

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni a Filadalfiya nake zaune da maigidana, kuma Allah ya ɗora min son tsofaffin kwalabe har na fara ɗan tarawa. Kwanaki a wajen gwanjon tsofaffin kaya na sayi wata 'yar kwalba mai kusurwa takwas, an zana mata tsuntsu da furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, bakinta da murfin ƙarfe na murɗawa. Mai sayarwar yace wai ta Stiegel ce tun kafin Amurka ta samu 'yanci. Maigida kuma yace cutata kawai akayi. Dan Allah ya zan gane?
Maman biyu, Filadalfiya

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Toh gaskiya ba lallai an cuce ki ba, amma sunan da aka laƙa mata ɗin nan kar ki riƙe shi da hannu biyu.

Shi Henry William Stiegel Bajamushe ne, ya sauka a garin naku Filadalfiya a 1750, ya fara da harkar ƙarfe sannan ya koma gilashi a 1763, ya gina ma'aikatarsa a Manheim cikin gundumar Lancaster, nan jihar Pensilbaniya kusa daku. Mutum ne mai son facaka da kuɗi har ana ce masa Baron alhali ba sarautar da yake da ita, kuma bashi ne ya cinye shi, a 1774 komai ya rushe har saida aka ɗaure shi saboda bashin. Kinga kenan duka-duka aikin gilashin nasa baifi shekara 11 ba, sannan baya sa hannu ko tambari a kayansa, ma'aikatan nasa kuma daga Turai ya kwaso su, abinda suka saba yi a gida shi suka zo suna yi masa. A daidai wannan lokacin jirage na ta sauke irin waɗannan kwalabe daga Jamus da Bohemiya, wato ƙasar Cek ta yanzu, kuma Jamusawan Pensilbaniya suna saye sosai tunda zanen gidansu ne, furen tulif da kurciya da zuciya, wani lokaci harda ɗan rubutun Jamusanci na soyayya. Toh ta ina mutum zai raba na Manheim da na Bohemiya da ido kawai?

Abinda ya ƙara rikita lamarin wani littafi ne da ya fito a 1914 akan gilashin Stiegel, daga nan duk kwalbar da aka gani da fenti sai ace tasa ce, farashi ya tashi, 'yan kasuwa kuma sukaga hanyar ci. Yanzu masana sun ja baya, mafi yawan irin taki suna ɗaukarsu na Turai ne, shiyasa dillali mai gaskiya "irin na Stiegel" zai rubuta, bazai ce nasa bane kai tsaye. Ni wannan gaskiyar nafi so wallahi, kuma bata rage wa kwalbar kyau ba ko kaɗan, abu ne da wani ya hura da bakinsa ya zana da hannunsa sama da shekara 200 da suka wuce in har tsohuwar ce.

Sai ki duba ko tsohuwar ce ɗin, dan an yi ta kwaikwayonsu a Cekoslobakiya wajen shekarun 1920 zuwa 1930. Ki kifa ta ki shafa gindin, za kiji wani tabo mai kaushi a tsakiya inda aka ɓalle sandar da aka riƙe ta da ita lokacin hurawa, saidai na jabu ma suna da shi dan haka bai isa hujja ba shi kaɗai. Ki kalli gefen gindin inda take zama, tsohuwa za kiga ya dushe da ƙananan karce ta ko'ina ba tsari, in kuwa karcen duk sun miƙe waje guda to da gangan aka goga. Tsohon gilashi ba fari tas yake ba, yana da ɗan duhu-duhu da 'yan kumfa a ciki. Fentin kuma garin gilashi ne mai launi aka shafa aka sake gasawa har ya narke ya kama jiki, kamar dai na langar jeren iyayenmu, za kiji tudunsa a yatsa kuma farce baya kankare shi. Murfin na kuza ne, sau da yawa ma ya ɓata sai wuyan kawai ake samu. Da can barasa ake zubawa a ciki, ana kuma ba amare kyauta, gara ki sani.

In kinje Manheim ki leƙa cocin da Stiegel ya ba fili a 1772, har yau duk watan Yuni jan fure ɗaya suke biyan zuri'arsa a matsayin haya. Gidan tarihin gilashi na Corning a jihar Niyok kuma yana da irinsu, idonki zai ƙara buɗewa. Nan gaba in an kira miki sunan Stiegel kice a nuna miki takardar asalin kayan, hannun wa da wa ta bi, kuma a rubuta a rasit.

TAMBAYA: Malam tawa cikinta yayi hazo fari-fari, zan iya sa ta a injin wanke kwanuka?
Ɗalibi, Niyok

AMSA: Kul ɗan'uwa, kar ka soma! Zafi da sabulun injin zasu ci fentin, ko ta tsage gaba ɗaya. Ka shimfiɗa tawul a roba, ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulu, ka wanke da hannu a hankali banda soso, kar ka jiƙa wajen kuzar, ka barta a buɗe ta bushe. In hazon ya ƙi fita to gilashin ne da kansa ya ciwu, gogewa bazata gyara ba, ka kai wa masu gyaran kayan tarihi su duba.