Sikanin maƙogwaro da gudan jini a huhu

Kana tambaya ko EBUS, sikanin nan da ake zura bututu ta maƙogwaro, zai nuna gudan jini a huhun babanka tunda ƙodarsa ba za ta ɗauki ruwan allurar da ake yi kafin ɗaukar hoton cikin jiki na CT ba. Eh yana nunawa, amma sai in gudan na cikin manyan jijiyoyin da ke jikin hanyar iska.

Na sha tsayawa ana yi, a allo za ka ga gudan fari-fari kwance cikin baƙin jijiya jini na bi ta gefensa, to ƙananan rassan can ciki fa bututun ba ya kaiwa, don haka in ba a gani ba kar ka ce babu, ka tambayi likitansa batun sikanin ƙafa tunda yawanci daga can gudan ke tasowa.