Amsa: Tarwada na raguwa a tanki, wasu na mutuwa

Ɗan'uwa, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Ka ce 'ya'yan tarwadar da ka zuba a tankin siminti can wajen Ringim kullum raguwa suke, yau kuma ka tarar da biyu sun taso ciki sama.

Matattun nan kwashe su yanzu, kada su kwana. Da zafin bazarar nan kifi nan da nan yake ruɓewa, ruɓar kuma tana sakin amoniya mai kashe sauran. Laluba ƙasan tankin da raga, musamman bakin bututun fitar ruwa, nan gawa kan maƙale. Zubar da kashi 1 cikin 3 na ruwan ka ƙara sabo, yau kuma kada ka ba su abinci.

Waɗanda suka ɓace kuwa, 'yan'uwansu nake zargi, don tarwada na cin junanta. Na taɓa kamo wata ƙatuwa a tankina, wutsiyar ƙaramar na leƙowa daga bakinta, abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Tun ranar duk sati 2 nake ware manya daban. Ka kuma rufe saman da raga saboda tsuntsaye da guza, ga shi tarwada kan yi tsalle ta fice a daren da aka yi ruwan sama.