Amsa: Na yarda da AI ko da malam kan tarihin Shehu?

Salam ɗan'uwa, ka ce ka tambayi AI (manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira) a waya inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta ce maka Sakkwato, malaminku kuma ya ce Maratta, wa za ka bi? Wallahi malam ne da gaskiya. Maratta dai nan ƙasarmu Nijar take cikin jihar Tawa, kusa da Galmi, can aka haife shi a 1754, daga baya ya zauna Degel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Sakkwato kuwa can ya rasu a 1817.

Ita wannan na'ura haɗa kalmomi take daga abin da ta tsinta a intanet, ba ta da isnadi, in ta yi kuskure ma da ƙarfin hali za ta faɗa maka shi, abin da ke ban tsoro kenan. Ni da idona na ga ƙanena ya kwafo wani hadisi daga gare ta zai tura group ɗin gidanmu, muka buɗe Bukhari muka duba babin da ta ambata babu shi.

In kana Yamai ka leƙa IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni, akwai tsofaffin littattafan Larabci da ajami rubutun hannu, ka je da malam ɗin naka in zai yarda.